Wace shuka ce wannan mai fure ruwan ɗorawa a tsakar gidana?

Maman 'Yan Biyu, Tarauni:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah wanda ya san fulawa ya taimake ni. Bara waccan na sayi wata 'yar shuka a baƙar leda a wajen masu fulawa na bakin titi, lokacin tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba. Babu wata takarda a jikinta. Da na tambayi yaron da ke sayarwa sunanta, sai ya ce min "yalo ce Hajiya, tana son rana, kuma ba ta da cin ruwa." Na dasa ta a tsakar gida kusa da tanki. Yanzu ta fi ni tsawo, tana ta zuba fure ruwan ɗorawa gwanin sha'awa. Abin da ya tayar min da hankali shi ne jiya da yamma na ga ɗaya daga cikin 'yan biyuna riƙe da wani koren abu da ta tsinta a gindinta, tana shirin kai wa baki. Na ƙwace kafin ta gatsa. Ga kuma ragon layya da maigida ya ɗaure a wajen saboda inuwa. Na saka hoton furen, ku duba min.

Ɗan Fagge:
Wa alaikis salam Hajiya. Na ɗora hoton a Google Lens, ya ce min Allamanda ce. Hotunan da ya fito da su sak naki.

Anti ta Hotoro:
Ƙanwata kwantar da hankalinki, irinta ce a ƙofar gidana. Wanda ya dasa mana ya ce sunanta Tecoma. Jikokina a gindinta suke wuni, ban taɓa ganin wani abu ya same su ba. Ƙudan zuma ne kawai ke damunmu da safe.

Matashin Ƙofar Mata:
Anya ba rai-ɗore ba ne ko tafasa? Su ma furensu ruwan ɗorawa ne.

Baba Mai Lambu:
A'a ɗana. Tafasa da rai-ɗore na damina ne, ba sa fin mutum tsawo haka su shekara biyu a tsaye, kuma furensu a shimfiɗe yake, ba shi da dogon wuya irin na hoton nan. Wannan baƙuwa ce, ba ta dajinmu ba ce.

Malamin Tsirrai:
Wa alaikumus salam. Hajiya, kafin mu shiga maganar suna, ki hana yaran zuwa wajen, ki sa a kwance ragon a mayar da shi wani gefe. In ta tabbata ba ta da illa, babu abin da aka rasa.

Wanda ya ce Allamanda da wadda ta ce Tecoma duk suna da hujja, domin hoton da kika saka fure ne kaɗai, an matso da waya har ba a ganin abin da ke bayansa. A garin nan akwai shuke-shuken ado aƙalla uku masu fure ruwan ɗorawa mai siffar mazurari, kuma ana sayar da su a jere wuri ɗaya. Ganye ne zai raba gardamar. Ki je ki duba min: ganyen guda ɗaya ne a kan kansa, ko kuwa ya rarrabu ƙanana-ƙanana a kan tsinke ɗaya kamar na darbejiya? Faɗinsa ya kai yatsa nawa? Gefensa sumul yake ko yana da haƙora? Sannan, wannan shi ne wanda mutane suka fi mantawa, ki kalli yadda ganyayen suka zauna a jikin reshe. Bibbiyu ne suna fuskantar juna, ko uku zuwa huɗu ne suka kewaye gaɓa ɗaya, ko kuwa ɗai-ɗai suke hawa suna zagaya reshen? Bayan haka ki sa leda a hannunki ki tsinke ganye ɗaya, ki ga abin da zai fito, kada ki bari ya taɓa idonki. Ki kuma ɗauko mana hoton koren abin da yarinyar ta riƙe, da hoton shukar gaba ɗayanta daga nesa.

Ɗan Fagge:
Malam, duk wannan wahalar fa? Ai yanzu waya ta gama komai.

Malamin Tsirrai:
Wayar tana aiki, ni ma ina amfani da ita, musamman PlantNet da masu bincike na Faransa suka ƙirƙiro. Amma ka lura, ita kanta manhajar tana tambayarka hoton me ka ɗauka, ganye ne ko fure ko ɗa ko ɓawo, kuma tana ba ka damar haɗa su tare. Ba a banza aka yi haka ba. Abin da take yi shi ne kwatanta hotonka da hotunan da wasu suka riga suka ɗora, ta jero maka waɗanda suka fi kama. Ba ta jin ƙanshi, ba ta ganin abin da ke fita in an karya ganye. In ka ba ta fure kaɗai, amsar fure za ta ba ka. Idan sha'awa ce kawai, babu laifi. Amma a nan maganar bakin yarinya ake yi.

Maman 'Yan Biyu, Tarauni:
Malam na dawo, ga hotunan. Ganyen siriri ne dogo, ya fi yatsana tsawo sosai, amma faɗinsa bai kai na ƙaramin yatsana ba. Yana da sheƙi, gefensa sumul, da jijiya ɗaya a tsakiya. Ba bibbiyu suke ba, ɗai-ɗai suke hawa, sun cunkushe a ƙarshen reshe. Da na tsinke, farin nono ya ɓulɓulo nan take kamar na tumfafiya, har ya ɗiga a ledar. Shukar a tsaye take da kanta, ba ta jingina da bango ba. Furen kuma na lura ba ya buɗewa gaba ɗaya, ya kasu biyar amma kamar an ɗan murɗa shi. Koren abin ya kai girman ƙaramin goro, ya fi faɗi a kan tsawo, da wani tudu da ya ratsa shi. A ƙasa na sami waɗanda suka yi baƙi suka yamutse, da na taka ɗaya sai na ji ƙwallo mai tauri a ciki.

Malamin Tsirrai:
To Hajiya, an gama. Wannan ita ce masana tsirrai ke kira Cascabela thevetia, a tsofaffin littattafai za ki gan ta da Thevetia peruviana. Asalinta daga Meziko da ƙasashen tsakiyar nahiyar Amurka take, aka yaɗa ta ƙasashe masu zafi saboda tana jure fari kuma kusan duk shekara tana fure. Kuma tana da dafi, tun daga saiwa har fure, amma ya fi taruwa a cikin ƙwallon nan da kika taka. Allah ne ya sa idonki ya kai kan yarinyar.

Bari in nuna yadda aka fitar da sauran biyun, don kowa ya iya duba ta gidansa. Tecoma stans, wadda Anti ta ambata, ganyenta rarrabe yake kamar na darbejiya, gefensa da haƙora, kuma bibbiyu suke fita suna fuskantar juna. Ba ta da farin nono ko kaɗan. 'Ya'yanta dogayen kwanso ne sirara masu reto, in sun bushe su tsage, iri mai fukafuki marar nauyi ya tashi da iska. Ba ma danginsu ɗaya ba. Ita kuwa Allamanda cathartica, wadda wayar ta nuna, 'yar Brazil ce, dangin ta Hajiya ce, ita ma tana da nono. Sai dai ganyenta mai faɗi ne, uku ko huɗu suke kewaye gaɓa ɗaya, furenta ya fi girma kuma yana buɗewa sosai, sannan ba ta iya tsayuwa da kanta in ta yi tsawo, sai ta bi katanga ko waya. Ɗanta kuma, in ma ta yi, ƙayoyi ne a jikinsa. Siririn ganye mai hawa ɗai-ɗai, da farin nono, da koren ɗa mai kusurwa, in suka haɗu a shuka ɗaya babu sauran shakka.

Maman 'Yan Biyu, Tarauni:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Jikina har rawa yake yi. Malam Allah ya saka da alheri.

Anti ta Hotoro:
Na fita na duba tawa da fitilar waya. Ganyenta irin na darbejiya ne, na karya babu nono, ga kwanso nan suna reto. Ashe kowa da tasa. Ƙanwata ki bi maganar Malam.

Ɗan Fagge:
To ai shi ke nan an samu ƙa'ida mai sauƙi. Duk shukar da ke fitar da farin nono guba ce, wadda ba ta yi lafiya lau.

Baba Mai Lambu:
Kada ka koya wa mutane haka, ɗana. Ka taɓa yankar ɗanyar gwanda? Nono ne ke zuba. Ɓaure ma haka, kaɗanya ma haka, kuma duk muna cin 'ya'yansu. Sannan zaƙami ba shi da nono, amma kowa a garin nan ya san abin da yake yi wa samari. Zurma ma ba ta da shi, kuma ƙwayarta ba abin wasa ba ce. Nono alama ce ta a tsaya a ƙara dubawa, ba shi ne hukunci ba.

Ma'aikaciyar Jinya, Gwale:
Maman 'Yan Biyu, tambaya ɗaya nake so ki amsa min da gaskiya ba tare da tsoro ba. Kin tabbata ba ta gatsa ba? Kin duba ɗan ko akwai shatin haƙori? Ɗayar fa, ita ma tana wajen? Daga jiya zuwa yau akwai wadda ta yi amai, ko gudawa, ko ta riƙe ciki, ko kika ga tana yawan barci ba kamar yadda ta saba ba?

Dalilin tambayata, dafin shukar nan zuciya yake nufa. Yana rage bugunta ko ya hargitsa shi, kuma ba lallai ya nuna nan take ba. Yaro zai iya yin amai ya ware ya ci gaba da wasa, a ɗauka ya wuce, alhali sai bayan sa'o'i abin zai taɓa zuciyar. Shi ya sa in an yi zargin yaro ya tauna, ba a jira a ga alama. A ɗauke shi zuwa sashen gaggawa na babban asibiti inda ake da na'urar auna bugun zuciya, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Murtala, a tafi da reshe da ɗan a cikin leda don likita ya ga abin da aka ci.

Kuma don Allah iyaye mata, a daina ɗura wa yaro manja ko madara ko ruwan gishiri, a daina zura masa yatsa a maƙogwaro. Manja ba ya karya wannan dafin. Abin da yake yi shi ne cin lokacin da ya kamata a ce ana hanya, kuma in yaro ya shaƙe shi ya shiga huhu, an ƙara wata cutar a kan ta farko.

Maman 'Yan Biyu, Tarauni:
Sista na duba tun jiya, babu shatin haƙori, ɗan lafiyarsa ƙalau. Ɗayar tana bayana a goye lokacin. Sun ci abinci, sun yi barcinsu yadda suka saba, babu amai babu komai. Hannunta dai na wanke da sabulu.

Ma'aikaciyar Jinya, Gwale:
Alhamdulillah. Ki share gindin tas yau ɗin nan, har baƙaƙen da suka bushe, domin bushewa ba ta kashe dafin. Ki ci gaba da lura da su, in kin ga wani canji kada ki tsaya tambayar zaure.

Mai Fulawa:
Salam. Ni sana'ata ke nan, kuma na ga an fara turo min maganar nan ta gefe ana cewa mu muke sayar wa mutane guba. Ina so a yi mana adalci. Yawancinmu a hannun iyayen gidanmu muka koyi aikin, mun iya dashe, mun iya yanka reshe ya yi saiwa, mun san wadda ke son inuwa da wadda ke son rana. Amma sunayen boko ba a koya mana ba. Wasu shukokin daga Jos ake kawo su, wasu daga kudu, babu takarda a jikin ko ɗaya. Mai saye kuma in ya zo, ba ya tambayar komai sai launi da kuɗi. Zai ce a ba shi ja, ko yalo, ko wadda akuya ba ta ci. To wadda akuya ba ta ci ɗin, ita ce irin wannan. Ita muka fi sayarwa ga makarantu da ofisoshi masu son shinge.

Hajiyar Sharaɗa:
Malam mai fulawa, maganarka ta ƙarshe ita ce ta fi ba ni tsoro. Kun san akuya ba ta ci, ba ku taɓa tambayar kanku dalili ba? Kuma makarantu? Inda yara ke tsintar komai? Ba a ce ku iya Latin ba. Amma in mace ta zo da goyo a bayanta, kalma ɗaya ta isa: Hajiya, wannan kada yara su taɓa 'ya'yanta.

Mai Fulawa:
Hajiya gaskiyarki a nan. Ni na san nononta yana sa ƙaiƙayi, don yana taɓa mu in muna aski. Cewa ƙwallon yana taɓa zuciya, wallahi yau na fara ji. Malam, in za ka rubuto min sunayen masu haɗari cikin waɗanda muke sayarwa, zan kai wa 'yan uwana.

Malamin Tsirrai:
Zan yi, kuma na ji daɗin wannan tambayar. Ga na kusa-kusa tun yanzu, don dangi ɗaya ne da shukar Hajiya, ana ce musu Apocynaceae. Akwai Nerium oleander, mai fure ruwan hoda ko fari ko ja a dunƙule a kan reshe. Ganyenta dogo ne mai kauri kamar fata, uku-uku a gaɓa ɗaya, in ka juya bayansa za ka ga ƙananan jijiyoyi a jere reras. Ruwanta ba fari fat ba ne, amma dafinta bai gaza na wannan ba. Akwai kariya, wadda yanzu ake sayarwa da tsada a tukwane, mai kumburarren gindi da fure ruwan hoda da ke fitowa ko da ta zubar da ganye da rani, sunanta na boko Adenium obesum. Akwai Plumeria mai kauraran rassa da farin fure mai rawaya a tsakiya, mai ƙanshi da dare, ita nononta ya fi cutar da fata da ido. Tumfafiya ma a gidan take.

Baba Mai Lambu:
Kariya ai tamu ce, Malam, ba baƙuwa ba ce. Mun taso mun ga ana dasa ta, kuma babu yaron da ba a ja wa kunne a kanta ba. Haka kwankwani, wanda maharba ke haɗa dafin kibiya da shi. Ka ga abin da ke damuna ke nan. Shukar da ke da suna a bakinmu, sunan yana tafe da gargaɗinsa. In aka ce tinya, ko aguwa, ko bini-da-zugu, ko tumfafiya, tsohuwar da ke gidan ta san wadda ake shinge da ita, da wadda ke makantar da ido, da wadda in yaro ya ci ƙwayarta zai kwana yana amai. A gidajen cikin gari da muka tashi, abin da ke tsakar gida lalle ne da zogale da rumman da lemun tsami da ɗoɗɗoya, kowanne an san amfaninsa. Yanzu mun cika gidaje da baƙin shuke-shuke da babu wanda ya san sunansu, balle halinsu. Ba na ƙin baƙo, darbejiya ma daga Indiya ta zo, ga shi ta zama 'yar gari. Amma ita an zauna da ita an san ta.

Ɗalibar Tsirrai, BUK:
Baba Allah ya ƙara girma. Abin da ka faɗa game da kwankwani haka yake a karatunmu, Strophanthus ake ce masa, dangin su kariya ne, kuma dafinsa irin na shukar Hajiya ne, mai kama zuciya. Wani likita ɗan Scotland da ya yi aiki a Arewa, J. M. Dalziel, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga tun 1916, har yau ana komawa gare shi. Abin da ke ba ni takaici, da yawa daga cikin sunayen nan in ka karanta wa 'yan ajinmu ba su taɓa jin su ba, alhali tsirran suna nan a bayan ajin.

Ɗan Kurmi:
Ni a layin masu magani na Kasuwar Kurmi na tashi. Allah bai halicci tsiro a banza ba, abin da ke kisa shi ke warkarwa in an san gwargwado. Kada a mayar da shukar nan kamar shaiɗan. Na tabbata tana da magani.

Mai Kantin Magani, Zoo Road:
Yaya, asalin maganarka gaskiya ce. Digoxin da likitoci ke ba masu ciwon zuciya daga ganyen wani tsiro na Turai aka samo shi, kuma aikinsa a jiki irin na dafin nan ne. Amma ka san da me ake auna shi? Ƙwaya ɗaya ba ta kai miligiram ɗaya ba, kuma duk da haka sai an riƙa duba jinin mai sha da ƙodarsa, domin tsakanin abin da ke gyara da abin da ke kisa tazarar kaɗan ce. Wa zai iya wannan awon da tukunya da ludayi? Ƙarfin dafin ma ya bambanta daga shuka zuwa shuka.

Kuma tunda akwai mata da yawa a zauren nan, bari in faɗi wannan. A 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi a kan wasu ƙwayayen rage ƙiba da ake sayarwa ta intanet da sunan Nuez de la India. Da aka gwada, sai aka tarar irin wannan shukar ce aka ƙunsa. Duk wadda aka tallata mata wani iri ko ƙwallo na rage tumbi da ba a san asalinsa ba, ta yi hattara.

Ɗan Kurmi:
Ban ce a sha ba. Mahaifina ya hore mu kada mu ba mutum abin da ba a gada ba, kuma wannan ba mu gaje ta ba. Ba za ka same ta a buhuna ba. Abin da nake ƙi shi ne a ce komai a sare.

Injiniya, Nasarawa GRA:
A nan nake tare da Ɗan Kurmi. Shukar nan tana ko'ina a garin nan, a shingen ofisoshi da bakin tituna, shekara da shekaru. Garin da zafinsa ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ga bishiyoyi ana ta sarewa ana gini, in aka samu abin da ke kore da rani ba tare da ban ruwa ba, bai kamata tsoro ya sa a tumɓuke ba. Hajiya ta riƙa tsinke 'ya'yan tun suna ƙanana, ta sa waya ta kewaye gindin. Wuƙa ma tana gidan, ba a jefar da ita ba, ɓoye ta ake yi.

Hajiyar Sharaɗa:
Injiniya, da alama ba ka taɓa rainon 'yan biyu masu tafiya ba. Shukar da ke fure kullum, 'ya'ya take yi kullum. Uwa tana girki, tana wanki, ga baƙi, yaushe za ta bi kowane reshe? Ɗaya ne zai faɗo da daddare iska ta gangaro da shi bayan wayar.

Injiniya, Nasarawa GRA:
To sai a sare duk na garin?

Malamin Tsirrai:
Babu wanda ya ce haka, Injiniya. Wuri ne ke yanke hukunci. A shingen ma'aikata ko tsakiyar titi, a bar ta, tana aikinta. A makarantar 'yan nasare da firamare, ra'ayina a cire, ko aƙalla malamai su san ta su nuna wa yara. A tsakar gida ƙarami mai yara 'yan ƙasa da shekara biyar da dabba a ɗaure, ni da gidana ne ba zan kwana da ita ba. Kuma cirewa ba ya nufin a bar wajen fayau. Hibiscus tana nan, dangin zoɓo da kuɓewa da rama, furenta babba ne. Ixora, ita ma shukar ado ce mai fure, tana nan. Ga lalle da rumman da Baba ya ambata, su ma suna jure rana, furen lalle kuwa ƙanshinsa ya ishi gida.

Maman 'Yan Biyu, Tarauni:
Na nuna wa maigida duk bayanan nan. Ya ce gobe da safe zai kira mai sara, a yi itacen girki da rassan, ganyen a kai bola.

Likitan Dabbobi:
Hajiya ki tsayar da shi, duka biyun kuskure ne. Kada a yi girki da itacen, kada a ƙona shi a cikin gida, kada wani ya yi asuwaki ko tsinken nama da reshen. Bola kuwa ita ce ta fi muni. Dabba ba ta cika cin shukar nan tana tsaye ba, saboda ɗaci. Inda muke ganin asara shi ne in an yi aski an watsar, ganyen ya yi yaushi ya gauraya da harawa ko sharar gida, tumaki da awakin unguwa su bi ta kai. Ragon da ke ɗaure kuma, in yunwa ta kama shi, abin da bakinsa ya kai yake ci, ba ya zaɓe. A haƙa rami mai zurfi a binne, ko a ɗaure a buhu a kai inda dabba ba ta kaiwa. Mai saran ya sa safar hannu, ya kare idonsa, ya tono har saiwa domin kututturen yana sake toho. A share inda ragon ya tsaya a canza masa harawar da ke ƙasa. In kin ga yana dalalar da miyau, ko gudawa, ko ya kwanta ya ƙi tashi, a kira likita nan take.

Ɗalibar Tsirrai, BUK:
Anti don Allah kafin a binne a ajiye min reshe biyu, kowanne kamar tsawon santimita 30, mai ganye da fure da ɗa a jiki. Zan danne su a tsakanin tsofaffin jaridu su bushe, in rubuta unguwa da rana da launin furen da batun nonon, domin launi yana gushewa in ya bushe, sai in kai ma'ajiyar busassun tsirrai ta sashenmu. Malam mai fulawa, in ka yarda zan biyo ta wajenku da kwali da alƙalami mu fara da waɗanda Malam ya lissafa.

Mai Fulawa:
Ki zo da safe kafin rana ta yi, lokacin muna ban ruwa kowa yana nan.

Maman 'Yan Biyu, Tarauni:
Ƙanwata zan sa a yanka miki, zan ƙulle a leda in ɗora a saman katanga. Ki min magana ta gefe in kwatanta miki gidan. Dakta, zurfin ramin kamar yaya? Kuma ƙasar wajen za ta karɓi rumman nan da nan, ko sai an jira?

Likitan Dabbobi:
Ya kai zurfin da akuya ko kare ba za su tono ba, kamar zuwa ƙugu, a danne da ƙasa sosai. Maganar rumman kuwa ta Baba ce.

Baba Mai Lambu:
Za ta karɓa, 'yata. A tsince saiwoyin da ƙwallayen tas, don ƙwallon yana tsirowa in ya ji ruwa. A zuba taki wanda ya ruɓe, ba ɗanye ba, a bar ramin ya sha ruwa kwana biyu sannan a dasa. In kin ga wani siririn ganye ya ɓullo a wajen bayan ruwan farko, ki tuge shi tun yana ƙarami.